Naitirayidin: A Tsoma Bututu Da Akshin Na Bindiga A Narkakken Gishiri, Ko A Bar Su Yadda Suke?

Yau za mu ɗan ajiye zancen waya da manhaja, mu leƙa wajen maƙeran bindiga na Amurka, domin akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a tsakaninsu, kuma duk mai kallon bidiyoyinsu a YouTube ya taɓa cin karo da ita. A can, mai gasar harbin nesa ko mafarauci mai hali bai cika sayen bindiga gama-gari daga shago ba. Sai ya sayi bututu daga wannan kamfani, akshin daga wancan, ya kai wa maƙeri ya haɗa masa daidai yadda yake so. Ana gab da kammalawa sai tambaya ta taso: a kai ƙarfen a yi masa naitirayidin, ko a bar shi?

Kafin wani ya ce me ya haɗa mu da wannan, tun da a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasisi, balle ƙera ta: ilimin ƙarfe ne ya haɗa mu. Ka duba siririn baƙin ƙarfen nan mai sheƙi na sandar da ke riƙe murfin bayan mota idan an ɗaga shi. Yawancinsu wannan aikin aka yi musu. Haka ake yi wa karanshaf da giya na injuna da dama. Bindiga dai ita ce wurin da kuskure kaɗan ke fitowa fili nan take, shi ya sa darasin ya fi daɗin koyo a kanta.

Bari mu fara da sunaye don kada mu ɓata a hanya. Bututu shi ne dogon ƙarfen da harsashi ke bi, cikinsa da tsaga mai murɗawa wadda ke sa harsashin ya riƙa juyawa. A gindinsa akwai ɗakin da kwanson harsashi ke zama, gaban ɗakin kaɗan kuma akwai wurin da suke kira maƙogwaro, inda tsagar ke farawa. Akshin kuwa shi ne gidan ƙarfen da ake ɗaura bututun a jikinsa, a cikinsa akwai sakata mai kunnuwa. Idan ka tura sakatar ka murɗa, kunnuwan nan su ne ke kullewa su tare duk ƙarfin fashewar albarushi kada ya dawo fuskar mai harbi. A harsashi irin .308 Winchester ko 6.5 Creedmoor, matsin da aka amince ya kai ya kama fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i. Wannan lambar ka riƙe ta, za mu dawo kanta.

Shi naitirayidin ba fenti ba ne, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa saboda baƙin launinsa. Cusa sinadarin naitirojin ake yi cikin fatar ƙarfen kanta har ta taurare. Dabarar ta tsufa: wani Ba'amurke, Adolph Machlet, ya samu rajistar ƙirƙirarta a 1913, sannan Adolf Fry na kamfanin Krupp a Jamus ya inganta ta a shekarun 1920. Irin wanda masu bindiga ke nufi shi ne na narkakken gishiri, wanda ake sayarwa da sunaye kamar Tenifer, Melonite da QPQ. Ana tsoma ƙarfen cikin tukunyar gishirin sinadari mai zafin kimanin digiri 580 a ma'aunin salshiyos, ya yi awa ɗaya zuwa biyu. Naitirojin da ɗan kabon su shige shi. A sama sai a samu wata fata mai tsananin tauri wadda kaurinta bai wuce maikiron 10 zuwa 20 ba, alhali silin gashin mutum ya kai maikiron 70. Ƙarƙashinta kuma akwai wani sashe mai ɗan zurfi da naitirojin ya ratsa. A tsarin QPQ, bayan nan sai a sake tsoma shi a wani gishirin mai zafin kusan digiri 400, a goge, a sake tsomawa. Wannan ne ke ba shi baƙin nan mai kyau, shi ne kuma ke ƙara masa juriyar tsatsa.

Abin ya yi suna ne a hannun kamfanin Glock na Ostiriya, wanda tun farkon shekarun 1980 ya riƙa yi wa ƙarfen ƙananan bindigoginsa Tenifer. Mutane suka ga bindiga ta sha gumi da ruwan sama da ƙura shekara da shekaru ba ta yi tsatsa ba. Daga nan kowa ya ce shi ma yana so.

To ga ra'ayina, tun kafin in kawo dalilai. Akshin shi ya fi kowane sashe cin moriyar naitirayidin, amma kuma shi ne bai kamata mutum ya ɗauka da kansa ya aika a tsoma ba. Ko dai ka saye shi kamfanin da ya ƙera shi ya riga ya yi masa, ko ka haƙura. Bututu kuma, idan na sitenles ne na gasa, a bar shi. Idan na baƙin ƙarfe ne kuma daji zai riƙa shiga cikin ruwa da raɓa, a yi masa, ba na ja.

Dalilin duka yana cikin digiri 580 ɗin nan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda ake yi wa wuƙa ko gatari. Maƙeri zai gasa ƙarfe ya yi ja, ya tsoma a ruwa ko mai, sai ya taurare ƙwarai amma ya zama mai saurin karyewa. Sai ya sake ɗumama shi kaɗan don ya rage masa wannan gautsin. Haka masana'antu ke yi, sai dai su da ma'auni. Ƙa'idar kuwa ita ce: gwargwadon zafin ɗumamawa ta biyu, gwargwadon laushin da ƙarfen zai yi. Kuma idan daga baya ka sake kai ƙarfen zafin da ya wuce wanda aka ɗumama shi da shi, ka sake masa lissafi kenan, zai sauko ya ƙara laushi, ba ya komawa da kansa.

Bututun bindiga da gangan ake barinsa da ɗan laushi, wajen 26 zuwa 32 a ma'aunin tauri na Rockwell, saboda a iya huda shi a yanka tsaga. Ƙarfe irin 4140 kafin ya sauko wannan matakin an riga an ɗumama shi a zafin da ya kai ko ya ɗara 580. Saboda haka tukunyar gishiri ba ta cika rage masa komai ba. Akshin da sakata kuwa sun fi haka tauri, galibi wajen 40 ko sama, kuma don a samu wannan a 4140 ana tsayawa ne a wajen digiri 500. Ka ga matsalar? Ka ɗauki abin da aka tsayar a 500 ka jiƙa shi a 580 na awa ɗaya da rabi. Zai fito baƙi ƙirin, fatarsa ta fi da tauri nesa ba kusa ba, zarto ma zamewa zai yi a kansa. Amma cikinsa ya sauko. Ido ba ya ganin wannan, hoto a waya ma ba ya nunawa.

Akwai misali mai sauƙin ganewa a wani sitenles da ake kira 17-4, wanda wasu ke ƙera akshin da shi. Matakan taurinsa sunansu ma daga zafin da aka gasa shi aka ɗauko, a ma'aunin Amurkawa. H900 na nufin an gasa shi a 900, wato digiri 482 a namu ma'aunin, shi ne mafi tauri. H1075 na nufin 1075, wato daidai 580 ɗin nan namu, kuma ya fi na farko laushi. Kenan wanda ya tsoma akshin na H900 a gishiri ya mai da shi wani ƙarfen daban da wanda injiniya ya yi lissafi a kai, ko ya sani ko bai sani ba.

Yanzu dawo da lambar can, 62,000. Kunnuwan sakata da mazauninsu a cikin akshin su ke ɗaukar wannan duka a kowane harbi. Idan cikin ƙarfen ya yi laushi fiye da yadda aka tsara, mazaunin zai iya lotsawa a hankali, tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin kwanso ta ƙaru. Tazarar nan da ɗan abin da bai kai kaurin takarda biyu ba ake auna ta. Idan ta wuce iyaka kwanso na iya tsagewa, iskar wuta ta fito ta baya, inda ido da fuskar mutum suke. Ba cewa nake duk akshin da aka tsoma zai yi haka ba, da yawa an yi kuma suna nan lafiya. Cewa nake mai bindigar ba shi da hanyar sanin nasa yana cikin waɗanne, sai wanda ya san ainihin ƙarfen da zafin da aka ɗumama shi.

Shi ya sa na ce a bar wa kamfani. Masu ƙera akshin da dama a Amurka yanzu suna sayar da shi an riga an yi masa naitirayidin. Su sun zaɓi ƙarfen da zai jure, sun tsara matakan zafi da sanin cewa tukunyar gishiri ce ta ƙarshe. Irin wannan akshin daɗin aiki gare shi wallahi. Sakata na zamewa kamar an shafa mata mai, ƙura ba ta cika damunta ba, kuma an rabu da wata tsohuwar cuta ta sitenles, wato idan sitenles biyu suna gugar juna ba mai sai su fara cizon juna suna yage fata. Ga wanda zai zuba sama da dala 1,000 a akshin da yake fatan ya bar wa ɗansa, wannan riba ce ta gaske. Amma tsohon akshin na shago, irin Remington 700 da ke kasuwa tun 1962, wanda mutane ke son gyarawa su mai da shi na musamman, labarinsa daban. Hannun sakatarsa ma da narkakken ƙarfen liƙi aka manna shi, kuma irin wannan liƙin ba abin da za ka so ka kai kusa da digiri 600 ba ne. Idan kamfanin da ya ƙera abu bai ce maka "eh, a yi" a rubuce ba, amsar ita ce a'a.

Mu koma kan bututu, inda talla ta fi yawa. Abin da ake faɗa wa mutane shi ne naitirayidin zai ninka rayuwar bututu. Wannan magana na jan hankali domin bututu kamar tayar mota yake, cinyewa yake yi. Masu gasa sukan ce na 6.5 Creedmoor yana fara rasa saiti a tsakanin harbi 2,000 zuwa 3,000, na .308 ya kan wuce 5,000, masu cin albarushi da yawa kuma ba sa kaiwa ko kusa. Sauya bututu ɗaruruwan daloli ne, ga kuɗin maƙeri, ga jira.

Amma me ke kashe bututun? Da yawa suna zaton gugar harsashi ce. Harsashi fa da tagulla aka lulluɓe shi, ta fi ƙarfe laushi nesa. Abin da ke cin bututu wuta ce. Duk harbi, iskar albarushi mai zafin da ya haura digiri 2,000 tana dukan maƙogwaro na ɗan ƙiftawar ido, fatar ƙarfen ta yi zafi ta huce, ta yi zafi ta huce, har ta fara tsattsagewa kamar ƙasan tafki a watan Afrilu, tana ɓarewa kaɗan-kaɗan. Wanda ya zura kyamarar duba cikin bututu zai ga inci biyun farko sun lalace, sauran kuma kamar sabo. Tauri maganin guga ne. Fatar da ba ta wuce maikiron 20 ba tana iya jinkirta wa wuta aikinta, musamman a farko, amma ba ta hana ta. Kuma abu mai tauri sosai shi ma yana tsagewa idan ana zafafa shi ana sanyaya shi. Don haka ni ban yarda da zancen ninkawa ba a bindigar gasa. Ƙari kaɗan, mai yiwuwa. A bindigar da ake ɓarin harsasai da ita ba ruwan mai ita da ko rami ya faɗa kan rami, can amfanin ya fi fitowa.

Ga kuma abin da kake bayarwa a madadin wannan ɗan ƙarin. Masu gasa suna da dabara: idan maƙogwaro ya cinye, maƙeri ya yanke gindin bututun kaɗan, ya sake yanka ɗakin harsashi a sabon wuri, bututu ya samu rai na biyu. Bayan naitirayidin wannan ya zama wahala, domin fatar tana dakushe kayan yankan maƙeri, da yawansu ma ba za su karɓi aikin ba. Haka idan bakin bututun ya bugu yana son gyara. Sannan duk wani kurji da kayan aiki suka bari a maƙogwaro, wanda a bututu na yau da kullum harbin farko-farko ke gogewa, yanzu an daskarar da shi ya zauna daram, yana kankare tagulla daga jikin kowane harsashi. Shi ya sa dole a gama komai tukuna, ɗaki da zare da baki da gogewa, kafin a aika. Wasu sukan yi harbi kaɗan don maƙogwaro ya yi santsi, su wanke tagullar tas, sannan su kai. Bututun da ya riga ya sha ɗaruruwan harbi kuwa kada ma a fara, gishirin zai shige cikin tsagogin nan ne ya taurar da ɓarnar da ta riga ta faru.

Akwai kuma zancen gajiyar da ke ɓoye cikin ƙarfe. Kamfanoni irin Krieger da Bartlein na jihar Wiskonsin suna yanka tsagar ne kaɗan-kaɗan, hanyar da ba ta cika takura ƙarfe ba. Wasu kuma wani ɗan tauraren ƙarfe suke ja ta cikin ramin ya danne tsagar da ƙarfi, sai daga baya su gasa bututun don ya saki jiki. Idan wannan gashin bai yi yadda ya kamata ba, tukunyar gishiri ce za ta ƙarasa shi, ramin ya ɗan motsa bayan an riga an gama aunawa. Motsin da ido ba ya gani ya isa ya buɗe rukunin harbi a nisan mita 1,000. Mutum ya biya kuɗi mai yawa don a goge masa cikin bututu da hannu a kai shi ma'auni na ƙarshe, sannan ya miƙa shi ga masana'antar da a tukunya ɗaya take tsoma kayan mota da na injin noma. Ni dai abin bai kwanta mini ba.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne sitenles na iya rasa juriyar tsatsarsa a wannan aikin. Abin da ke kare sitenles shi ne kurom da ke cikinsa. A zafin 580 naitirojin na kama kurom ɗin su haɗe, sai fatar ƙarfen ta rasa mai tsaronta. Baƙar fatar da QPQ ke ƙarawa a sama tana rufe wani ɓangare na wannan giɓin, amma ka ga an tashi daga gyara an koma cike gurbi. Ga 4140 kuwa, wanda da ma ba shi da kurom mai yawa kuma da ya ji danshi yake ja, ribar a fili take. A nan ne nake goyon baya ba tare da wani sharaɗi mai yawa ba. Mafaraucin da zai kwana bakwai a Alaska cikin ruwan sama da iskar teku, wanda a shekara harbinsa bai fi ashirin ba, wuta ba za ta taɓa cinye masa maƙogwaro ba. Tsatsa ce abokiyar gabarsa, ciki da waje, kuma naitirayidin na shiga har cikin ramin inda fenti ba ya zuwa.

Wani zai ce to ai akwai shafen kurom a cikin bututu, irin na bindigogin soja. Gaskiya ne, kuma sojan Amurka sun koyi darajarsa da tsada a Biyetnam, lokacin da ɗakin harsashin M16 na farko ya riƙa tsatsa kwanso na maƙalewa, har aka koma shafa masa kurom. Sai dai kurom ƙari ne a kan ƙarfe, kuma da wuya kaurinsa ya zo daidai daga gindi har baki, shi ya sa masu neman saiti na ƙarshe ke gudunsa. Naitirayidin ya fi shi ta nan, tun da cikin ƙarfen yake shiga, girman ramin bai cika canzawa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Idan kuma launi ne kawai ya ja hankalinka, kana son baƙin nan mai kyau a hoto, faɗi gaskiya ka huta. Akwai Cerakote, fenti ne mai haɗin yumɓu da ake gasawa a zafin da bai kai digiri 200 ba, ba ya taɓa taurin ƙarfe ko kaɗan, yana kare waje daga tsatsa, ga launi iri-iri. Yana gogewa a gefuna bayan shekaru, amma sake shi ba wuya. Na lura kaso mai tsoka na masu wannan tambayar, idan aka bi diddigi, kwalliya suke nema, kuma ba laifi ba ne, sai dai ba a kai akshin wuta saboda kwalliya.

Wanda duk da haka ya yanke shawarar yi wa bututunsa, sai ya raba shi da akshin tukuna, kada a tsoma su a ɗaure, domin gishiri na maƙalewa a cikin zare da ƙananan ramuka ya riƙa tsattsafowa daga baya yana jawo tsatsa. A cire duk wani sifirin, zafin zai kashe shi, a cire duk abin da aka yi da alminiyom ko aka manna da dalma. Ya tambayi wanda ya ƙera bututun ko ya yarda, domin wasu da an tsoma sun janye garantinsu. Ya nemi masana'antar da ta saba da bututun bindiga, ba wadda za ta jefa shi cikin kwando da sauran kaya ba. Kuma ba aikin bayan gida ba ne ko kusa, gishirin nan yana da sayanaid a ciki. Idan kayan sun dawo, a wanke ramin sosai har ƙyalle ya daina fitowa da baƙi, sannan maƙeri ya sake ɗaurawa ya auna tazarar sakata da ma'auninta kafin a sa harsashi ko ɗaya.